Adda Edna da Takardar Marvelous

Ƙarfe bakwai na safe Adda Edna Zadok take fitowa daga gidanta na unguwar Karewa a Yola, jaka a kafaɗa, fensir biyar ɗaure da roba. Wata rana ta haye gada zuwa Girei, wata rana Mbamoi. Takardun tambayoyi ne a jakar, na yara: Ka ci abinci jiya? Kana da abokin wasa? Sai zanen tsani mai hawa goma, na ɗaya ƙunci, na goma jin daɗi, a ce wa yaro ya nuna inda rayuwarsa take. Shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki, ƙarshen watan nan za ta ajiye.

Ta fara ne a 2014, lokacin da 'yan gudun hijira suka cika Yola. Malama Khadijat, abokiyar aikinta, ta ce shirun yaran ne ya fi tayar musu da hankali. Aji cike, ba mai ko tari. Duk wanda aka tambaya sai ya nuna hawa na goma, idonsa a kan ƙofa. Adda Edna ce ta gane tsoro ne, domin lokacin da suke ɓuya a daji mai kuka shi ake ganowa. Sai ta bar kujera ta koma tabarma cikinsu.

Khadijat na wurin ranar da aka kawo Queen, 'yar shekara tara daga Michika. Tsakar rana ce. Da aka gama da ita, yarinyar ta ƙi tashi.

"Anti, ba ki tambayi Marvelous ba," in ji ta, tana nuna gefen tabarma. Babu kowa a wurin.

Kakarta ta raɗa musu cewa tagwaye ne. Marvelous ta ɓace a hanya, har an yi mata addu'ar mamata.

Adda Edna ta ciro sabuwar takarda, ta juya ga wurin da babu kowa. "Marvelous, 'yata, ina kike a tsanin nan?"

Queen ta karkata kunne, ta daɗe. "Ta ce na biyu. Ta ce ƙafarta ta hagu na ciwo, kuma ba ta iya magana."

A ofishinsu aka ce a yar da takardar, ba ta shiga lissafi. Adda Edna ta ninke ta ta ajiye.

Bayan wata huɗu, a gidan wani manomi a Mbamoi, tana zagayen aikinta aka fito mata da wata yarinya da aka tsinta, wadda ba ta taɓa cewa uffan ba. Tana jan ƙafar hagu. Fuskar Queen ce sak. Da aka miƙa mata tsanin, ta ɗora yatsa a hawa na biyu.

Yau Queen da Marvelous suna karatu a Jimeta. Na tambayi Adda Edna yadda ta fahimci abin. Ta ce, "Ban fahimta ba har yau. Ni dai na tambaya, na rubuta."

Adda, ke ce kunnen marasa murya. Ke ce kika riƙe sunan da kowa ya sallama, har mai shi ta dawo. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma malamai da iyaye, in yaro ya faɗi abin da hankali bai ɗauka ba, kada ku yi saurin cewa shirme ne. Wataƙila wani ne can yake jiran a neme shi.