Kunne Ɗaya Naka, Ɗaya Nawa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, 2025, Allah ya karɓi ran Zayyad Abdulhadi Gummi a cikin mota, ana hanyar kai shi asibiti Sakkwato, bayan wani zazzaɓi da muka raina. Ni ne Maharazu, ɗan wan mahaifinsa. Ina faɗa ne waya tana rubutawa, domin ƙyanda ta tafi da idanuna tun ina yaro.

Zayyad, raina a ɓace na yi zaman makokinka. Duk wanda ya shigo sai ya ce Allah sarki, yaron nan mai taimakon makafi. Da kana nan da ka tashi ka bar musu zauren. Sau nawa ka gaya musu ba sadaka kake yi ba? Injin wasa ka gina, wato manhajar da ake ɗora wasannin waya a kanta kamar yadda ake ɗora ɗaki kan harsashi. Ka sa masa doka guda: ba abin da zai fito a fuskar waya sai tare da sautinsa. Wanda ya sa hoto bai ba shi murya ba, injin ba zai karɓa ba.

Wasan farko da ka ɗora a kai korar tsuntsayen janbaki ne daga gonar shinkafa. Ka yi ta shiga fadama laka har gwiwa kana naɗar fiffikar tsuntsaye da kaɗawar gwangwani, manoma suna tambayar juna ko karatu ne ya taɓa ka. Da aka gama, ka haɗa ni da ƙanenka Nuraddeen, shi da ido, ni da kunne. Ya yi ta cinye ni, na ce lallai akwai cuta. Ba ka ce mini haƙuri ba. Ka bincika, ka gano a ƙananan wayoyin da muke riƙewa hoto yana riga sauti fitowa da ƙiftawar ido. Ka wargaza aikin watanni ka sake shi, har sai da hoto ya koma jiran sauti.

Sai kuma Gummi ta yi maka nata. Ka tsara wasan a kan kunne biyu, tsuntsun hagu a ji shi ta hagu, na dama ta dama. Ka kai majalisa aka miƙa iyafis, igiyar sauraron nan mai kunne biyu, kowa ya sa ɗaya ya ba na kusa da shi ɗayan. Wa zai toshe kunnuwa duka a cikin mutane, a yi sallama bai amsa ba? Sai ya zama kowa rabin gona yake ji, aka ce wasan ya lalace. Ka dawo gida kana huci, kana cewa mutanenmu ba su bin ƙa'ida. Na ce maka ba ka isa ka sauya halin gari ba. Ka yi fushi da ni, sannan ka koma kan kwamfuta. Ka raba gonar biyu, kowane kunne da ɓangarensa, ƙarfin sauti ya nuna kusancin tsuntsu, wanda aka fi cinye wa shinkafa shi ya faɗi.

Ranar da muka gwada, kunne ɗaya naka, ɗaya nawa, kafaɗarmu tana gogar juna saboda gajartar igiyar, ka cinye ni ba tausayi. Ka ce, "Yaya, wanga karo ba cuta. Ni nac ci ka, kak ka yi hushi."

Ban yi ba, dariya na yi har da hawaye. Tun tasowata, ko dara na zauna yi sai na ji abokin wasa yana gyara mini hanya don in ci. Ban taɓa sanin ko na iya wani abu ba sai da ka kayar da ni. Daga baya na rama, kuma na san da gumina na rama.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba ka ƙarasa ba. Burinka injin ya kai yadda matashi a Anka ko Bukkuyum zai haɗa nasa wasan ba tare da kai ba. Shekarar da aka katse layukan waya aikin ya tsaya cik. Ofishin da ka kai wa aikin neman tallafi kuwa cewa suka yi ka tara makafi a ɗauki hoto. Yanzu kwamfutarka tana ɗakin mahaifiyarka Inna Kulsum an lulluɓe ta da zane, ba mai iya roƙonta ta buɗe.

Bayan an watse daga makoki Nuraddeen ya zo ya ce mu yi wasa ko zan ji sanyi. Ya ɗauki kunne ɗaya. Ina jin tsuntsaye suna sauka ɓangarensa, yatsansa bai motsa ba. Na ci shi sau biyu, na zare igiyar daga kunnena. A lokacin ne na tabbata ka mutu.

Nuraddeen, a gefensa ka koyi aikin nan. Ka lallashi Inna ta buɗe kwamfutar, ka ci gaba daga inda ya tsaya. Kuma kada ka sake bar mini wasa.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Kulsum, da matarsa Hamida da 'yarsu Asma, da dukan dangi. Allah ya ba mu haƙurin da ni kaina ban samu ba tukuna. Allah ya jiƙanka Zayyad, ya yafe kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Allah ya tashe mu tare ranar da zan ga fuskarka karon farko. Kafin nan iyafis ɗin yana aljihuna, ina jiran wanda zai ɗauki ɗayan kunnen ya cinye ni da gaske.