Ɗiyar Dija a Bayana

Ƙarar farce na ji a jikin ƙyauren langa-langa, a hankali, kamar ɓera. Na idar da addu'ar safe ke nan, ina dama kunu. Da na buɗe sai ga Dija, Bafulatanar da ta yi shekaru tana kawo mana nono. Babu ƙwarya a kanta, babu takalmi a ƙafarta. Ɗiyarta Habi, 'yar shekara huɗu, tana riƙe da bakin zaninta.

Jiyan nan samarin ƙauyenmu, can kusa da Kanya, suka ƙone rugarsu. An sace shanun noma, aka ce ai Fulani ne. Kowa ya san ba su Dija ba ne, su ma an kwashe musu nasu tun bara. Maigidana, Baban Rahila, tsohon soja ne. Ya roƙi samarin su bari dattawa su zauna da ardo, kamar yadda ake yi in shanu sun yi ɓarna a gona. Ya ce shi ko a fagen daga bai taɓa harbin wanda bai riƙe makami ba. Suka ce tsufa ne ya kawo mishi tsoro.

Na shigar da su ɗaki, na zuba musu kunu. Dija ba ta sha ba.

Da hantsi muka ji babura. Daga nesa kamar ƙudan zuma. Sai harbi. Mutanen daji ne, wai ramuwar ruga suka zo, su da ba su san ko sunan Dija ba.

Baban Rahila ya sa hularsa. Ya ce, “Ku bi rafi!” Ya fita hannu sama, don ya tsayar da su da magana mata su samu gudu. Muna tsallake danga ina jin muryarsa. Aka yi harbi, muryar ta ɗauke.

Muka shiga cikin dawa. Ƙaya ta yaga ƙafar Dija, sai na karɓi Habi na goya ta. Rana tsaka muka iso mashigin rafi. Samarinmu ne tsaye da adduna da bindigogi, suna duba fuskokin masu wucewa. Duk na san uwayensu. Wani ma ni na koya mishi waƙoƙin coci.

Na cire ɗankwalina na rufe kitson Habi. Na raɗa mata cewa kome ta gani kada ta buɗe baki, kada ta kira innarta. Dija ta rage sauri, ta bar mutane suka shiga tsakaninmu.

“Ɗiyar wa ce?”

Na ce jikata ce. Ubangiji ya ji ni.

“Wuce!”

Ƙafata na cikin ruwa na ji an ce, “Ke, tsaya!” Na juya, ashe Dija aka tare. Na kira yaron da ya tare ta da sunansa, na ce nonon matar nan ya sha yana ƙarami. Wani ya tunkuɗa ni gaba. Dija ba ta dube mu ba ko sau ɗaya. Ban ga abin da ya biyo baya ba, kunnena ne ya ji. Habi ta kafa farcenta a wuyana. Ba ta yi ko tari ba.

Wata motar hatsi ta kawo mu Zuru, gidan ɗiyata Rahila a Rikoto. An binne maigidana ba na nan. Dija kuwa har yau babu wanda ya nuna min inda take kwance. Ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa satar saniya ko ƙone bukka.

Habi ta yi kwanaki ba ta magana. Tana ci, tana barci, idonta a bakin ƙofa. Ranar wata Lahadi ina shafa mata mai, ta ɗago kai ta dube ni. Da 'yar Hausarta ta ce, “Kaka, yanzu in kira innata?”