Irin Gyaɗa da Ruwan Maɗaci

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, abin da ya rage mana mai daraja a gida shi ne tulu guda na irin gyaɗa. In ya ƙare, babu abin shukawa baɗi. Baba kuwa ya san halinmu, ni da ƙannena uku, ko ɓera bai kai mu iya ɓare gyaɗa ba. Sai ya saro ɓawon maɗaci a hanyar Tsanyawa, ya jiƙa, ya yayyafa wa gyaɗar ruwan, ya shanya, ya mayar tulu. Ko murfi bai sa ba.

Ƙanena mai bi mini, wanda ba ya jin bari, shi ya fara gwadawa. Wuni ya yi yana tofar da yawu yana kankare harshe da kara. Baba ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Amma gyaɗa ta ci gaba da sauka. Kullum Baba ya zura hannu sai ya ƙara nitsewa, daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Sai ya ce, "Wannan ɓeran ciwon shawara ke damunsa, magani yake sha."

A kwanakin ne kunun safe ya fara yin fari da maiƙo, sai dai akwai ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Da muka yi ƙorafi Inna ta ce, "Maganin zazzaɓi na zuba muku. Wanda ba ya so ya ajiye ludayi." Babu wanda ya ajiye. Baba ma yakan shanye nasa tas, bai taɓa tambayar wane irin magani ne mai maiƙo ba.

Da ruwan shuka ya sauka, iri ya ƙare mana a tsakiyar gona. Nan na gane inda gyaɗar ta tafi, na saci kallon Baba, don na san zafin zuciyarsa. Muka dawo gida da ƙwarya ba komai a ciki. Inna ta ajiye taɓarya ta durƙusa.

"Malam, ni ce na..."

"Tashi," in ji Baba. "Ɗacin don yara na sa. Ke kin taɓa ganin manomin da ya bar iri ba murfi?"

Rabin gonar ciyawa ta cinye shi a wannan damina. An kai yara da dama makwanci a ƙauyenmu shekarar, amma mu huɗu muka ga kaka.