Ranar da Dosso Ta Yi wa Alo-Alo Shiru

A Gaya idan ka ce Alassan Kabo sai mutane su tsaya suna lissafin wanne, amma ka ce Alo-Alo, ko mai tallan kifi a bakin kogi za ta nuna maka gidansa. Aikinsa ya ba shi sunan. Shi ne mai wayar iska a gidan posta, kullum safe da yamma ana jin muryarsa ta taga yana kiran babban garin yankin, "Alo Dosso, alo Dosso," kamar mai neman akuyar da ta ɓata.

Mutumin ƙauyen Tanda ne, ya shigo gari da ƙuruciya, ya samu aikin shara a wurin Baturen da ke riƙe da wayar. Shekara da shekaru yana sharar ɗaki yana satar kallo, har ya iya kunna ta, ya iya juya maɓallan, ya haddace Faransancin da ake faɗa mata. Da aka samu 'yancin kai Baturen ya tattara ya tafi, aka miƙa wa Alassan mabuɗi. Tun ranar masu motocin tasha suka fara yi masa dariya, wai akwatin nan ba zai ga damina ba a hannun ɗan Tanda. Mutanenmu ke nan, wallahi abin haushi, ba su taɓa kama ko gefen akwatin ba, amma su suka fi kowa sanin ranar mutuwarsa.

Maganar ta shiga jikinsa ta zauna. Ya ɗauki sabon zanen matarsa Jumma ya riƙa lulluɓe wayar saboda ƙura, Jumma ta yi mita har ta gaji. Idan muryar Dosso ta ɗan dusashe sai gabansa ya faɗi, ya ce shi ke nan, yau ce ranar da 'yan tasha suke jira. Duk Gaya ba wanda ke tsoron wannan akwati kamar mai shi.

Abu ɗaya ya fi wayar a zuciyarsa, shi ne Mariyama, 'yarsa ta fari. Saboda kunyar fari bai taɓa furta sunanta ba, sai dai "yarinyar nan" ko "waccan," kuma idan ta gaishe shi yakan amsa yana kallon gefe. Amma Jumma ta san duk gasasshen kifin da ya shigo da shi don wa ya sayo.

A daminar da ta biyo bayan 'yancin kai Mariyama ta dawo gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Naƙuda ta taso mata bayan wani ruwa mai ƙarfi da ya kwana yana zuba. Gari ya waye ba ta sauka ba. Da hantsi ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, aka kira malamin asibiti, ya duba, ya fito ya ja Alassan gefe.

"Ɗan ya gicce ne," in ji shi. "Sai an yi mata aiki, ni kuwa ba ni da kayan aiki. Ka tahi ka kira Dosso su aiko motar likita."

Hanyar Dosso ta zama taɓo, an sa shinge, manyan motoci duk suna tsaye a tasha. Wayar ƙarfe kuwa iska ta kwantar da sandunanta. Ƙaramar motar likita ce kaɗai za ta iya ratsowa, kuma mutum ɗaya ne a garin zai iya kiranta. Alassan ya tafi da gudu, ya ma ɗan ji daɗi, don yau aikinsa zai yi wa gidansa rana.

Ya yaye zane, ya kunna. Fitilun ciki suka kama yadda suka saba. Ya kira Dosso, bai ji komai ba. Ya juya ya nemi Yamai babban birni, shiru. Ko shuuu ɗin da ke cika kunne kullum babu, sai ka ce an zuba wa duniya ƙasa a baki. Waje kuwa hadari ya washe, rana ta fito tarwai tana dukan kwanon rufi.

Ya sake kira, ya sake. Zufa ta jiƙa masa riga. Can, ba tare da ya sani ba, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Alo Dosso, Mariyama ce, ɗiyata Mariyama, ku taimake ni." Sunan da ya riƙe tun ranar suna, ga shi ya faɗe shi ga akwatin da ba ya ji.

Nan tsoron da ya daɗe yana kiwo ya tashi tsaye. Ya tabbata wayar ta mutu a hannunsa, yadda aka ce za ta yi. Ya taɓa ganin Baturen yana buɗe bayanta yana canza wata 'yar kwalba cikin fitilun ciki, don haka ya ɗauko sukudireba. Ya cire kwalba ɗaya ya sa wata, shiru. Ya cire ta biyu. Wata siririyar waya ta tsinke, ya bi ta don ya gano inda ta fito, wata ta biyo ta. Kafin azahar cikin akwatin duk yana shimfiɗe a kan zanen Jumma, shi kuma yana durƙushe ya kasa tuna wanne ke shiga ina.

Jumma da kanta ta zo, mayafi a karkace. Ta tsaya a ƙofa ta dubi tarkacen.

"Malam, suna zuwa?"

Bai iya ɗaga kai ba. "Ki koma wurinta," ya ce. "Ina gyarawa."

Ya tura mai doki, amma ina doki ina Dosso cikin wannan taɓo. Mariyama ta jure yinin nan, ta jure daren, sai washegari da rana ta ɗaga ta cika, ita da abin da ke cikinta.

Masu gaisuwa suka cika zaure, har da 'yan tashar nan, yanzu kowa murya ƙasa-ƙasa. "Haƙuri, Malam Alassan, rana ce ta zo." "Ranarta ce, ba mai ƙara mata." Ya riƙa amsawa, kuma ya riƙe maganar da hannu biyu, don ita kaɗai ke bari ya haɗiyi ruwa.

Da hanya ta bushe aka aiko mai gyara daga Yamai, wani mai suna Abdu. Ya zauna ya mayar da komai wurinsa, ya gwada kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya kunna. Nan take muryar Dosso ta cika ɗakin.

"Mi ya lalace mata?" Alassan ya tambaya.

"Ba abin da ya lalace, Baba. Rana ce."

"Haka kowa ke ce mini. Ranarta ce."

Abdu bai san wace ake nufi ba, ba wanda ya gaya masa. Ya yi murmushi ya nuna sama ta taga. "A'a, waccan ranar nake nufi. Takan yi wani irin tashi ta watso wuta, sai hanyar da magana ke bi a sama ta toshe. Ran nan duk mun kurumce, Yamai, Dosso, har ƙetaren kogi. Ba abin da ake yi sai jira, da kanta take komowa."

Alassan ya dafa tebur. "Yaushe ta komo?"

"Kafin la'asar. Dosso ma sun yi ta kiranka har yamma, ba ka amsa ba."

Sai a lokacin Abdu ya dubi fuskarsa, murmushin ya ɗauke. Alassan ya ninke zanen Jumma, ya ajiye mabuɗi a kan akwatin, ya fita.

Bai sake taka gidan posta ba. Ya koma saƙar tabarma a bakin kasuwa, sunan Alo-Alo ya bi shi, amma ba wanda ya ƙara faɗarsa da dariya. Ya tsufa har ƙananan rediyo suka cika gari, kowane direba da tasa a rataye. Wani lokaci ɗaya takan yi shiru, mai ita ya fara bubbuga ta yana neman wuƙar buɗe bayanta. Sai ka ga tsohon ya jefar da kaba ya taso da sauri, ya kama wuyan hannun mutumin da bai ma sani ba, ya riƙe gam.

"Kada ka buɗe, ɗana," yake cewa. "Don Allah ka jira la'asar."