Ƙaryar da Na Ɗora wa Rana

Ni haifaffen cikin garin Yola ne. Mahaifina manomin shinkafa ne a bakin tafkin Njuwa, karatuna kuma bai wuce na allo da firamare ba. Da ƙuruciya na koyi gyaran rediyo da kaset a Jimeta, da shi na yi aure, da shi na ciyar da 'ya'yana, ba wanda ya taɓa kai ƙarata ko gaban Jauro mai unguwa. Yau gemuna ya yi fari. Ina rubuta wannan ne da zuciya a sake, domin ku samari masu tura fim a waya ku ji daga bakin wanda ya riga ku.

Da kaset ya mutu sai na koma harkar faifai, daga baya na sayi tsohuwar kwamfuta ina juye wa mutane fim daga faifai zuwa memori. Fim mai kyau yana da nauyi, dole a matse shi kafin ya shiga. In ka matse shi a hankali ba mai ganewa, amma yana cin lokaci. Ni sai na gano in na matse shi da ƙarfi, cikin gaggawa, fim ashirin zai shiga wurin biyar. Abin da ke biyo baya na san shi sarai. Duk inda duhu yake a hoton sai ya zama gida-gida kamar saƙar tabarma, in mutum ya juya da sauri fuskarsa ta farfashe. Mai kaya ya dawo da ƙorafi, in ce masa, "Talabijin ɗinka ne ya tsufa." Ya tafi yana zagin talabijin. Na ga ƙarya ba ta da wuya.

Daga nan wani dillali ya fara kawo mini memori na jabu. A jikinsa an rubuta babba ne, cikinsa kuwa ɗan mitsitsi. Farkon fim zai yi, ana kaiwa tsakiya sai allo ya koma kore ya daskare. Na sani, na saya, na sayar.

Shekarar da mutanen Mubi da Michika suka gudo Yola saboda harin 'yan bindiga, wasu a ƙafa, wata mata 'yar Michika ta zo shagona. Sunanta Saratu, za ta girme ni kaɗan. Ta kwance bakin zani ta fito da faifai cikin kwalinsa.

"Baba, bikin ɗana ne, Bulus," in ji ta. "Injin gidan yayana ya ƙi karanta shi. Ka sa mini a memori."

Na tambaye ta ina angon. Ta ce ya koma ɗauko mahaifinsa ranar da suka gudu, har yau ba su iso ba.

Faifan irin na zamani ne mai ɗaukar hoto garau, wanda ba kowane inji ke iya masa ba. Na aro inji daga maƙwabcina Buba, mai gyaran kwamfuta, na sa. Tunda nake ban taɓa ganin hoto haka ba, har zufar goshin ango ana gani. Maimakon tausayi, abin da ya zo mini shi ne, wannan ai talla ne. In na kunna shi a allon shago, kowa zai ɗauka haka aikina ke fita. Na matse bikin yadda na saba, na zuba a memorin jabu. Faifanta na ɓoye, na sa wani matacce a kwalin na miƙa mata. Na san injin gidansu ba zai tona ni ba.

Washegari ta dawo. Ta ce fuskar Bulus ba ta fita, da ya fara rawa sai ta watse, daga nan komai ya koma kore.

Na ce, "Mama, a ina kika ajiye faifan lokacin gudu?"

"A cikin zanina. Kwana uku muna tafiya."

"To, ai rana ce ta dafa shi. Ba abin da za a iya yi."

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta dubi hannuwanta ta ce, "Ashe ni na ɓata shi." Har godiya ta yi mini kafin ta tafi.

Na ci gaba da sana'ata, bikin Bulus yana ta juyawa a allon shagona yana jawo mini mutane. Amma masu ƙorafin memori suka yi yawa, har suka haɗa kai suka kai ƙara. 'Yan sanda suka zo da rana tsaka, kasuwa cike, suka kwashe kwamfuta da kwalaye, ni kuma aka tasa ni gaba. A kotu ban yi gardama ba, don kayan suna kan tebur. Alƙali ya tura ni gidan yari.

Ba zan ba ku labarin cunkoso da ƙuma ba, ku dai roƙi Allah kada ku gani. Abin da ya fi ci mini rai a can shi ne maganar Saratu. Sauran da na cuta sun san ni na cuce su, sun zage ni sun huce. Ita kuwa na bar ta tana zargin kanta, kuma ban san ko faifan yana nan ba.

Da aka sake ni, bayan na ga iyalina, shagon Buba na fara zuwa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Sobajo, kai ma an matse ka, ka ragu da rabi!" Muka yi dariya, ni tawa da hawaye. Na tambaye shi injinsa da na aro. Ya ce ranar kamu ya shiga ya ɗauke abinsa kafin a haɗa da shi, ya tarar da faifai a ciki.

"Na ajiye," in ji shi. "Na san ba bikinka ba ne, kai ba ka iya rawa haka ba."

Na faɗa masa gaskiya duka. Ya jawo mini kujera gaban kwamfutarsa ya ce in gyara ɓarnata da hannuna.

Gwajin farko hoton ya fito gida-gida kamar na da. Na ce, "Buba, ƙaryata ta zama gaskiya, faifan ya mutu."

"Kai dai gaggawa ce cutarka. Kunna faifan kansa tukuna. In ya fito garau, laifin ba nasa ba ne."

Muka kunna, ya fito garau. Ashe hannuna ne ya koma inda ya saba ba tare da na lura ba. Buba ya sa na ƙara wa fim ɗin nauyi, na bar kwamfuta ta yi aikinta a hankali. Gida-gidan ya tafi, har inuwar ƙarƙashin rumfa ta fito sumul. Saura wasu layuka kamar haƙoran mataji a gefen hannuwa in ana rawa. Ya nuna mini wurin da ake dannawa a haɗe layukan, muka sake daga farko. Da muka sa memorin a waya muka tura zuwa talabijin ɗinsa sai hoton ya riƙa tsayawa, ya yi wa wayar nauyi. Muka yi na biyu mai ɗan sauƙi, ya tafi lafiya. Memorin ma sai da muka cika shi fal muka duba kafin na yarda da shi. Tun hantsi muke, sai bayan la'asar muka gama, na kalli bikin daga farko har ƙarshe.

Kwana uku ina tambaya wurin mutanen Michika a kasuwa kafin aka kwatanta mini gidan yayanta, tsohon malamin makaranta, a unguwar Karewa. Ta tsufa sosai, ba ta gane ni ba. Na durƙusa na ajiye faifan da sabon memorin a gabanta na ce, "Mama, ba rana ce ta ɓata shi ba, ba ke ba ce. Ni na sace shi, na yi miki ƙarya."

Yayanta ya miƙe a fusace, ta ɗaga masa hannu. Ta ce a kunna memorin. Bulus ya fito a talabijin yana rawa, ya juyo ya yi dariya, fuskarsa ba ta watse ba. Ta matso har ta kusa taɓa gilashin.

Can ta waiwayo ta ce, "Wato na kawo shi lafiya?"

"Lafiya ƙalau kika kawo shi, Mama."

Ta yi ajiyar zuciya mai tsawo. "Ka cuce ni, Baba. Amma tashi, gwiwarka ba ta yaro ba ce. Na yafe. Matsa gefe, kana tare mini shi."

Na fito daga gidan nan ƙafafuna kamar ba nawa ba don sauƙi. Bulus bai dawo ba, wannan ba ya hannuna. Abin da ke hannuna na mayar.

'Ya'yana, ni ban fara da sata ba, da rage aiki na fara. In hoto ya farfashe, ku fara duba hannunku kafin ku zargi kayan mutane. Kada ku sayar da memorin da ba ku gwada ba. In kun ɓata, ku ce kun ɓata. Abin da aka miƙo muku, ku kuna ganin faifai ne, wani kuwa ɗansa ne ya ɗauko kwana uku a ƙafa. Ni Allah ya ara mini kwana har na tarar da Saratu da rai. Kada ku dogara da irin wannan sa'a.