Ragon Da Bai Kai Isa Ba

Abubuwa da yawa sun same ni na bar su sun wuce, don kaina ba rumbu ba ne. Amma tafiyar da anka yi da ni garin Isa da igiya a ƙugu, ni da wani rago, ko na so ba za ni manta da ita ba.

Turawa na nan lokacin, saura kaɗan su tafi. Na sayi farin rago a kasuwar Sabon Birni hannun wani Buzu, ina tanadin suna, don mai ɗakina ta yi nauyi. Buzu ya ƙetare ƙasar Faransi abinsa. Ba a jima ba sai ga wani mai kiwo daga Gatawa a ƙofar gidana, yana rantsuwa ragonsa ne da anka sace, wai alamarsa tsaga biyu a kunnen hagu. Na duba kunne, tsaga ɗaya ce, sai wani ɗan yagon ƙaya kusa da ita. Ya ce ai ita ce ta biyun.

Alkalinmu ya tafi Sakkwato, sai anka ce a kai mu Isa. Ga damina ta kankama, gerona na jiran maimai, noma na biyu. In anka ɗaure ni, bayan bulala, gona ta zama ta ciyawa, mace ta haihu a kan rumbu wofi. Lauya kuwa sunansa kawai muke ji. Gaban alkali bakinka ne lauyanka, ni kuma nawa bai iya komai ba sai gardama.

Munka kama hanya: ni, da ɗan doka mai riƙe da igiyata, da mai ƙara, da shaidunsa biyu, da rago. Dole a tafi da shi, don shekarun nan Joji, alkalin Turawa, ya shiga bin shari'un alkalai yana rushewa, an kuma buɗe hanyar ɗaukaka ƙara. Saboda haka alkali ba ya yanke shari'ar sata sai ya ga kayan da idonsa.

Munka iske gulbi ya kawo. Masu fito sunka ƙetarar da mu da gora, amma rago ya kubce musu a tsakiya ya sha ruwa ya ƙoshi. Ko da anka jawo shi gaɓa, ido ya juye, ƙafa na shure-shure. Kowa ya ɗauki ihu: "A yanka! A yanka kada ya zama mushe!" Mai ƙara ya zaro wuƙa da sauri, don a ga shi ne mai abu. Nama kuma ba ya jiran alkali. Kan ka ce kwabo an hura wuta, an babbake kai, an kafa tsire. Mutumin da ya ja ni ƙara kan rago ɗaya sai ga shi ya zama Sarkin Gobir, yana miƙa wa shaidunsa cinya, yana zuba wa ɗan doka kai da ƙafa.

Ya miƙo mini hanta yana dariya. "Ci mana, malam ɓarawo, ai kai ka yi kiwo nai."

Na ce, "Ci kayanka."

Kada wani ya ce tsoron Allah ne ya hana ni. Tsoron bulala ne ya buɗe mini ciki tun safe, ɗan doka har ya gaji da raka ni bayan sabara.

Kashegari munka gurfana gaban alkalin Isa, wani tsoho siriri mai magana kamar ba ya so. Mai ƙara ya yi bayani, shaidu sunka ce sun san rago, sun san tsaga biyu.

Alkali ya ce, "To, a shigo da ragon."

Ɗan doka ya shimfiɗa fata a ƙasa.

Alkali ya ce, "Wagga fata ce. Ina kunnen?"

Ɗan doka ya dubi rufin soro, ya ce, "Allah gafarta malam, ya ƙone ƙwarai, ya yi ƙamas-ƙamas."

"Ya ƙone, ko ka ci?"

"Duka biyu, Allah gafarta malam."

Alkali ya daɗe yana shafa gemu. Sa'an nan ya juyo gare ni, kamar yadda ake yi kafin hukunci, ya ce ko ina da abin da za ni soki shaidun nan da shi. Ban san soke shaida ba. Na ce, "Ni dai ban yi karatu ba. Amma a tambaye su mi sunka ci jiya, kuma hannun wa."

Babba cikin shaidun ya ce ai ɗan taɓawa ya yi. Ƙaramin ya fusata: "Taɓawa? Kai da ka cinye cinya guda har kana tsotsar ƙashi!" Mutane sunka fashe da dariya, har magatakarda ya ajiye alƙalami.

Alkali bai yi dariya ba. Ya ce shaidan da ya ci naman mai ƙara a hanyar zuwa shaida, kuma naman shi ne abin da ake shari'a a kansa, maganarsa ba ta hawa kan kowa. Ya dubi ɗakin, ya ce, "Ikon Allah. Duk cikinku mutum ɗaya ne bai ci ragon ga ba, shi ne kuma kunka ɗauro da igiya."

Tunda babu kunne babu shaidu, rantsuwa ta dawo kaina. Na yi alwala na rantse saye na yi. Anka kwance ni, anka naɗe fata anka miƙo mini. Na dawo na iske gero bai shaƙe ba tukuna, na yi maimaina, ran suna munka yanka ɗan akuya.

Har yau ban san ko ragon nasa ne anka sato anka sayar mini ba. Mai yiwuwa ne. Abin da na sani, gaskiyata ba ta yi mini magana ran nan ba, cikina ne da ya tashi babu komai. Tun daga nan, duk abin da ake rigima a kansa, ko yunwa za ta kashe ni, ba ya shiga bakina sai an gama.