Shekarar da Mai Shela Bai Zo Ba

Kakata, wadda muke kira Inna, ba ta shuka sai ta ji kukan wani tsuntsu. Tana da 'yar gona a bayan gida a Kucheri, daf da kurmin bakin rafi. Komai ruwan da aka yi, irin gero da wakenta suna cikin ƙwarya har sai ya yi magana. Mai shela take ce masa. Ta ce ruwan farko yakan yaudari mutum, shi kuwa bai taɓa yaudarar ta ba.

Na san shi sosai, don ba na iya zama cikin mutane. In na zo hutu daga Gusau, gindin kanya nake wuni. Jikinsa ja ne kamar sabuwar tukunya, kansa baƙi da ɗan tukku, namijin yana jan dogon bindi. Yakan zauna shiru a reshe, sai ya zabura ya cafke ƙwaro a iska, in ji ƙas ɗin bakinsa, ya koma reshen da ya bari. Sheƙarsa ba ta fi finjali ba, da yanar gizo yake ɗaure ta.

Na taɓa nuna wa malamin kimiyyarmu zanensa da na yi. Ya ce irinsa ba ya cikin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu, suna da yawa a wasu wurare. Na karɓi takardata na tafi.

Bara da na zo hutun sallah na tarar an yi ruwa uku, geron maƙwabta ya tsiro, gonar Inna kuwa fayau. Masu gawayi sun sare rabin kurmin da rani. Ita kuma idonta ya yi yana, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar baya tana saurare.

Kawuna ya ce, "Inna, damina fa tana wucewa. Tsuntsu ne zai ciyar da ke?"

Ta ce, "Kai da ka shuka sau biyu bara, kai za ka koya min? Tashi ka ba ni wuri, kana tare min kunne."

Da hantsi na shiga kurmin. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har ƙarar silifas ɗina ta dame ni. Ganyen kanya duk ya huje kamar rariya, tsutsotsi suna lilo a kan zare daidai fuskata, babu mai cin su. Tsohuwar sheƙar tana nan, ruwa ya cika ta.

A gidanmu mace ba ta yin fito da baki, kuma an ce fito a kurmi kiran iskoki ne. Amma na tuna ƙwaryar Inna. Na juya wajen gida, na yi kukan mai shela da fito yadda na sha yi a raina. Numfashina bai kai ba, na tsaya a tsakiya, sannan na ƙarasa.

Na saurara. Sai da na sauke hannu daga bakina aka amsa.

Daga bayana ne, wajen da aka sare, inda babu ko reshe ɗaya sai kututturai da toka. Na waiwaya na duba kowane kututture. Ba abin da ya motsa. Ban yi gudu ba, amma ban sake waiwaye ba har gida.

Na tarar da Inna da ƙwaryar a cinya.

Ta ce, "Biyu na ji. Na farko mutum ne, ya tsaya jan numfashi."

Na ce, "Na biyun fa, Inna?"

"Shi ma ya tsaya. Daidai inda na farkon ya tsaya."

Ta daɗe tana juya irin da yatsunta. Sannan ta miƙo min ƙwaryar, ta ce in kama hannunta. Ranar muka shuka, ina zuba iri tana rufewa da diddige. A ƙarshen kunya ta matse min hannu ta ce, "Ɗiyata, kada ki ƙara yin fito a kurmin nan."

Geron ya yi, ko da yake ya makara. Waken tsutsa ta cinye.

Bana Inna ba ta jira kowa ba, ta shuka rana ɗaya da maƙwabta. Tabarmarta kuma ta dawo tsakar gida, ƙofar bayan a rufe take.